BABI NA TARA: HARSHEN JIKIN KAYAN ABINCI DA BAMBANCINSA DAGA YANKI ZUWA YANKI

9.0 Gabatarwa

A babukan da suka gabata an nazarci harshe a wuraren da aka saba nemansa, wato a bakin masu magana da kuma cikin littattafai. A wannan babi za a waiwayi wani matani da ɗalibi yake riƙewa a hannunsa kusan kowace safiya ba tare da ya ɗauke shi abin nazari ba. Matanin kuwa shi ne rubutun da ke jikin gwangwanin madara da kwalin ganyen shayi da ledar taliya da buhun gishiri. Za a yi amfani da kalmomi biyu a cikin babin. Ƙunshi na nufin duk abin da aka zuba abinci ko aka naɗe shi a ciki domin adanawa ko sayarwa. Rubutun jikin kaya kuwa shi ne dukkan bayanin da aka buga a kan ƙunshin: sunan abincin da kayan haɗinsa da nauyinsa da kwanan wata da adireshin kamfani da alamomi.

Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, ba abincin da ke ciki ne kaɗai yake tsara wannan rubutu ba. Dokar ƙasa da harshen mulki da al'adar ƙidayar kwanaki da ƙarfin aljihun mai saye duk suna da hannu a ciki. Saboda haka kaya iri ɗaya, na kamfani ɗaya, kan yi magana daban-daban gwargwadon kasuwar da aka nufa da shi. Bahaushe kuwa, wanda kasuwanninsa suka daɗe da zama mahaɗar kayan gabas da yamma, yakan karɓi rubutun da ba domin shi aka yi ba.

9.1 Ƙunshi Kafin Zuwan Rubutu

Hausawa sun san ƙunshi tun kafin su ga gwangwani. Fataken da suke ɗauko goro daga Gwanja suna jera shi cikin faffaɗan ganye, su ɗaure shi huhu-huhu, su riƙa yayyafa masa ruwa a hanya don kada ya bushe. Gishirin Bilma yana isowa ne a curi mai tsawo da ake kira kantu, wanda siffarsa kaɗai ta isa ta sanar da mai saye inda ya fito da kuma cewa an fi bai wa dabbobi shi, saɓanin beza da ake sawa a miya. Ana zuba mai a tandu, hatsi a taiki, nono a ƙwarya a rufe da faifai. A irin wannan ciniki babu buƙatar rubutu, domin mai saye yana gani, yana shinshinawa, yana ɗanɗanawa, kuma idan an cuce shi ya san rumfar da zai koma. Fuskar mai kaya ita ce shaidar kayansa. Da aka rufe abinci ruf a cikin ƙarfe, aka kuma raba wanda ya yi shi da wanda zai ci da tafiyar wata guda a teku, sai rubutu ya maye gurbin wannan fuska.

Ƙunshin zamani ma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A lardunan Ontariyo da Kebek na ƙasar Kanada har yanzu ana sayar da madara a leda. A Amurka ana wanke ƙwai kafin a sayar, don haka dole ya zauna a firji, alhali a ƙasashen Tarayyar Turai ba a wanke shi, sai dai a buga wa kowane ƙwai lamba da ke nuna yadda aka kiwata kazar da ƙasar da ta fito. A nan Afirka ta Yamma abin da ya fi tasiri shi ne ƙanƙantar ƙunshi. Tun da aka fara sayar da garin madarar Cowbell a 'yan ƙananan ledoji a Nijeriya a shekarar 1993, kusan babu wani kayan masarufi da bai bi wannan hanya ba, domin magidancin da yake cefanen yini ɗaya ba zai sayi gwangwanin wata guda ba. Ƙasa da wannan kuma akwai ƙulli, inda mai tireda yake farke babban buhu ya ƙulla sukari ko madara ko mai a farar leda. A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani: da zarar an yi ƙulli, duk rubutun da doka ta tilasta wa kamfani ya tafi tare da buhun da aka yar. Mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya fi kowa buƙatar kariya, shi ne yake sayen abincin da ba ya ɗauke da ko kalma ɗaya.

9.2 Da Wane Harshe, Kuma Domin Wa?

A shekarar 1963 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, ta abinci da aikin gona da kuma ta lafiya, suka kafa kwamitin Codex Alimentarius domin daidaita ƙa'idojin abinci tsakanin ƙasashe. Ƙa'idar da kwamitin ya fitar a 1985 game da rubutun jikin abincin da aka ƙunshe ita ce tushen da ƙasashe da dama suka gina dokokinsu a kai. Ta fayyace abubuwan da suka wajaba a rubuta, ta kuma yarda a manna ƙarin takarda idan harshen asali bai dace da mai sayen da aka nufa ba. Sai dai ba ta zaɓar wa kowa harshe ba. Kowace ƙasa ita take yanke wannan hukunci, kuma hukuncin yakan fallasa siyasar harshenta.

Alal misali, dokar Kanada ta wajabta Ingilishi da Faransanci tare a jikin kaya, sannan lardin Kebek ya ƙara da tasa dokar ta 1977 wadda ta hana a fifita wani harshe a kan Faransanci. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta 2011, wadda ta fara aiki a Disambar 2014, ta ce a yi bayanin da harshen da mutanen ƙasar da ake sayar da kayan za su fahimta cikin sauƙi, shi ya sa kwalin biskit ɗaya kan zo da harsuna biyar ko fiye. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun wajabta Larabci. Kamaru tana da Faransanci da Ingilishi, Chadi tana da Faransanci da Larabci.

A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da doka mai lamba 15 ta 1993, ita take kula da wannan fanni, kuma ƙa'idarta ita ce a yi rubutun da Ingilishi, tare da damar a ƙara wani harshe. A zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, aikin hukumar ya shiga kunnen jama'a har “lambar NAFDAC” ta zama kalmar yau da kullum, wadda ko wanda bai yi boko ba yakan juya leda ya neme ta. A Jamhuriyar Nijar kuwa Faransanci ne ya mamaye jikin kaya. To, a dubi abin da ke faruwa tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Mai saye da mai sayarwa duk Hausa suke yi, da Hausa ake tayi, da Hausa ake sallamawa, amma gwangwanin da ke tsakaninsu yana magana da Ingilishi ko Faransanci, wani lokaci da Larabci ko Sinanci. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A ra'ayina, ɗaya daga cikin wuraren da za a auna gaskiyar irin wannan mataki shi ne jikin gwangwanin tumatir, ba takardun gwamnati kaɗai ba.

Jama'a ba su zauna jiran doka ba, sun ƙirƙiri hanyarsu ta karanta kaya. Suna kiran kaya da hoton da ke jikinsa ko launinsa, kamar yadda aka san Maggi mai tauraro. Haka kuma sunan kamfani kan rikiɗe ya zama sunan jinsin kaya baki ɗaya: kowane dunƙulen ɗanɗano magi ne, kowace taliyar yara indomi ce. Wannan dabara tana da amfani, amma masu jabun kaya sun san da ita, shi ya sa suke kwaikwayon launi da hoto su sauya harafi ɗaya ko biyu a sunan.

9.3 Matsalar Kwanan Wata

Babu wani ɓangare na rubutun jikin kaya da ya kai kwanan wata rikitarwa, kuma rikicin hawa-hawa ne.

Hawa na farko shi ne jerin lambobi. A ɗauki 03/04/26. A Nijeriya da Nijar da Ingila da Faransa ana fara kawo rana, sai wata, sai shekara, don haka wannan na nufin 3 ga Afrilu, 2026. A Amurka wata ake fara kawowa, ke nan 4 ga Maris, 2026. A Sin da Japan shekara ce take zuwa farko, saboda haka mai karatu a can zai iya ɗaukarsa 26 ga Afrilu, 2003. Lambobi shida, ma'ana uku. Idan ɗaya daga cikin lambobi biyu na farko ya haura 12 an ɗan huta, domin ba zai zama wata ba. Idan bai haura ba, sai an duba ƙasar da kayan ya fito kafin a yanke hukunci.

Hawa na biyu shi ne siffar lambobin kansu. Dabino da alewa da garin lemo da alhazai suke dawowa da su daga Saudiyya kan zo da lambobin Larabawan gabas. A wannan tsari, biyar tana kama da sifilin boko, shida tana kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne kawai. Almajirin da ya yi karatun allo ba zai ruɗe ba, amma ɗan boko zalla kan karanta su a karkace. Wannan wuri ne da ilmin zaure ya fi na aji amfani, kuma yana da kyau malami ya faɗa wa ɗalibansa haka.

Hawa na uku, wanda ya fi shafar mai nazarin harshe, shi ne ma'anar kalmomin da ke gaban lambobin. A Ingilishin Turai akwai “use by” da “best before”. A Faransanci akwai “à consommer jusqu'au” da “à consommer de préférence avant”. Na farko a kowane harshe gargaɗi ne na lafiya, ana sa shi a kan abinci mai saurin lalacewa kamar ɗanyen nama da kifi, kuma bayan wannan rana ba a ci. Na biyu alkawari ne na inganci: kamfani yana cewa har zuwa wannan rana ya lamunce ɗanɗano da ƙamshi da ƙarfin abincin, bayanta ba lallai ya cutar ba, amma ya janye lamuninsa. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta wajabta sa kwanan wata a jikin abinci ba in ban da madarar jarirai, sai jihohi da kamfanoni kowa ya bi tsarinsa, har ana samun ranar da aka rubuta domin mai kanti kawai, don ya san lokacin sauke kaya daga kanta.

Hausar kasuwa ta tattara duk waɗannan ta zuba a kalmar aro guda, wato “ya yi esfaya”, masu fassara kuma sukan ce “ranar lalacewa”. Wannan fassara tana da illa ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya tana sa a zubar da shinkafa ko taliyar da ba abin da ya same ta. Ta ɗaya fuskar, wadda ta fi muni, wanda ya taɓa cin biskit bayan ranarsa bai ga komai ba sai ya ɗauka duk kwanan wata zancen banza ne, ya yi wa yogot ko madarar jariri irin wannan riƙon. Na taɓa ganin wani mai kanti yana nuna wa wata tsohuwa ranar da aka yi kaya a matsayin ranar ƙarewarsa, wani kuma yana yin akasin haka, kuma ban ga alamar ɗayansu ya yi da gangan ba. Shawarata ita ce a raba su uku da jimloli masu aikatau, domin Hausa ta fi sakewa da aikatau a kan tarin sunaye: “An yi shi ranar…”, “Ingancinsa na nan har zuwa…”, da kuma “Kada a ci bayan…”. Ɗalibi na iya kawo abin da ya fi wannan, muddin dai umarni ya fito a matsayin umarni.

Akwai kuma sharaɗin da ake mantawa da shi. Kowane kwanan wata an ɗora shi ne a kan cewa an ajiye kayan yadda aka ce. Jimlar da aka saba gani ta Ingilishi tana umartar a ajiye kaya a wuri mai “cool” da “dry”. Idan aka fassara ta da “wuri mai sanyi” sai mai karatu ya ɗauka firji ake nufi, alhali abin nufi shi ne wuri mai inuwa, marar zafi, marar laima. Katan ɗin madarar da ya yini a rana a tashar mota a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya riga ya karya wannan sharaɗi. Gwangwanin da ya kumbura kuwa ba a tambayar kwanan watansa, zubarwa ake yi.

9.4 Ma'auni da Alamomi

Wanda ya san cewa mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma tiya daban take da kwano, ba zai yi mamakin jin cewa galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4.5 ba. Faransanci yana sa waƙafi inda Ingilishi yake sa aya, don haka 1,5 a jikin jarkar man da ta shigo ta Nijar lita ɗaya da rabi ce. A teburin sinadarai, Turai tana lissafi a kan kowane giram 100, tana kuma rubuta gishiri. Amurka, bisa dokarta ta 1990, tana lissafi a kan abin da mutum zai ci a zama ɗaya, tana kuma rubuta sodiyam, wanda sai an ninka shi sau biyu da rabi kafin a sami adadin gishiri. Mai hawan jini da bai san wannan ba zai kwatanta abubuwan da ba su kwatantuwa.

Wasu ƙasashe sun gane cewa rubutu ba ya isa ga kowa, sai suka koma ga alama. Indiya tana sa koren ɗigo a cikin murabba'i a kan abincin da babu nama a cikinsa, saboda yawan masu ƙaurace wa nama a ƙasar. Chile ta fara sa baƙin tambari mai kusurwa takwas a 2016 a kan abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, Meziko ta bi sahu a 2020. Faransa ta ɗauki tsarin haruffa biyar masu launi daga kore zuwa ja a 2017. A Nijeriya akwai alamar ido a jikin sukari da fulawa da man girki da aka ƙara wa bitamin A. Alamar halal kuwa ba guda ɗaya ba ce a duniya: a Malesiya hukumar gwamnati ce take bayar da ita, a yawancin ƙasashen Turai ƙungiyoyi ne masu zaman kansu. Sai a yi hattara da jerin lambobi masu farawa da harafin E da ake yawo da su a wayoyi ana cewa duk na alade ne. Lambobin Turai ne na kayan ƙari a abinci. E300 bitamin C ne kawai, E471 kuwa ana iya samo shi daga man tsirrai ko kitsen dabba, lambar ita kaɗai ba ta bambancewa.

9.5 Kalma Ɗaya, Kaya Huɗu

A gwada wannan misali. Bahaushe yana kiran abubuwa aƙalla huɗu da sunan madara: garin madarar shanu mai cikakken kitsenta, da madarar ruwa ta gwangwani, da mai kauri wadda aka cika wa sukari, da kuma garin da aka cire masa kitsen shanu aka mayar da man tsirrai a madadinsa. Wannan na huɗu shi ne ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma saboda araharsa. Ƙa'idar Codex ta 2006 ba ta kira shi madara zalla ba, ta kira shi gaurayen madarar da aka yaɗe da man tsirrai, kuma a jikin buhunsa na asali akan rubuta haka. Amma da ya isa hannun mai shayi ko ya shiga ƙulli, sunansa madara. Ga babba wannan batu ne na ɗanɗano da farashi. Ga jaririn da uwarsa ta rasu ko ruwan nononta ya ƙafe, batu ne na rayuwa, domin babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ya dace ya maye gurbin nonon uwa. Tun a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar tallata abincin jarirai, wadda ta nemi a yi rubutun jikinsu da harshen da ya dace, ta kuma bayyana cewa madara mai sukari ba ta dace da shayar da jariri ba. Gargaɗin yana nan a jikin gwangwanaye da yawa, cikin ƙananan haruffa, da harshen da kakar da take renon maraya a ƙauye ba ta ji.

A nan aikin masanin harshe ya fito fili. Ba a rasa kalmomi ba: akwai madara, akwai kindirmo, akwai tsala, akwai maɗi, akwai gauraye. Abin da aka rasa shi ne daidaitattun sunaye da rediyo da makaranta da asibiti za su haɗu a kansu. Wanda zai yi wannan aiki kuma sai ya tuna cewa Hausar Nijeriya ta aro daga Ingilishi, ta Nijar ta aro daga Faransanci, kuma rubutun boko na ƙasashen biyu yana da 'yan bambance-bambance, kamar 'y a Nijeriya da ƴ a Nijar. Fassarar da aka gina da kalmomin asali ita ta fi saurin tsallaka iyaka.

9.6 Aikin Aji da Jinga

Malamin Hausa a firamare ko ƙaramar sakandare ba ya buƙatar kuɗi kafin ya koyar da wannan darasi. Ya umarci yara su tsinto kwalaye da ledoji da gwangwanayen da aka gama amfani da su, a wanke, a daddanne bakin masu kaifi. Da su za a koyar da karatun lambobi da sunayen watanni da jimlar umarni da fassara, kuma yaron da ya iya zai zama mai karanta wa gidansu.

1. Tattaro ƙunshin kayan abinci guda biyar daga ƙasashe aƙalla uku. Ga kowanne, rubuta harsunan da ke jikinsa bisa jerin girman haruffansu, ka bayyana wanda kake jin an yi rubutun dominsa.

2. Fassara dukkan bayanin da ke jikin ɗaya daga cikinsu zuwa Hausa. Karanta fassarar ga wani dattijo ko dattijuwa da ba su yi boko ba, ka rubuta wuraren da suka nemi ƙarin bayani da yadda ka gyara.

3. Kawo sunaye huɗu na Hausa da za su bambance nau'o'in madarar da aka ambata a 9.5, tare da hujjar zaɓen kowanne.

4. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan karanta kwanan wata a jikin kaya.